Murfin Sarƙar Keke Ba Ado Ba Ne

Ni mai gyaran keke ne a nan Gene, bakin titin da ya taso daga Kandi ya nufi Malanbil. Kusan kullum sai an kawo mini keke ana cewa sarƙa ta miƙe. Yau ina so mu fahimci abin da ke faruwa a cikinta.

Ƙarfen sarƙa ba roba ba ne, ba ya miƙewa. 'Yan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa. Ƙurar hunturu da yashin hanya su shiga, su cakuɗe da mai, su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Duk taka feda ɗaya, suna goge ƙarfen kaɗan kaɗan, har gaɓoɓin su yi sako-sako, sarƙar ta ƙara tsawo.

Ran kasuwar dabbobi da ta wuce, wani dattijo ya turo kekensa daga hanyar Karimama, buhun albasa ɗaure a baya, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ce, "Ɗana, da na taka da ƙarfi sai ta zame." Na kama sarƙar a gaban babban faranti na ja, sai ta ɗago har ina hango haske ta ƙarƙashinta. Haƙoran firiwil kuwa sun yi tsini, sun karkace kamar ƙaya. Na ce, "Baba, ina murfin sarƙar?" Ya ce ƙara yake yi masa, shi ya sa ya cire. Ƙusar murfin guda ɗaya ce ta kwance, da an ɗaure ta shi ke nan. Ranar sai da ya sayi sarƙa da firiwil duka, don sabuwar sarƙa ba ta zama a kan cinyayyun haƙora.

Ga yadda kowa zai duba tasa a gida. Ka ari tef ɗin awo na tela. Ka taka feda kaɗan sarƙar ta miƙe tsaf, ka fara awo daga tsakiyar ƙusa ɗaya, ka ƙirga ƙusa 20 a gabanta. A sabuwar sarƙa santimita 25.4 za ka samu. In ka ga ta kai 25.6, canza ta tun ba ta taɓa haƙora ba.

Batun mai kuma, ku daina zuba baƙin man babur. Yana ɗauke da garin ƙarfe, ga kama ƙura. A wanke sarƙa da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta a kowace gaɓa, sannan a goge na waje da tsumma. A cikin gaɓa ake bukatar mai, na waje ƙura kawai yake tarawa. Da damina, in ka ratsa taɓo, kada ta kwana da shi.

Shi murfi, in mai rufe sarƙa ruf ne, ya fi. A Holan, inda mutane ke zuwa aiki a keke kullum, irinsa ne a yawancin kekunan gari. Yana tare ƙura da ruwa, yana kuma hana sarƙa cafke ƙafar wando ko bakin riga, abin da na ga ya kayar da mutum a kan kwalta.

Mai niyyar tafiya mai nisa da kaya, ko zuwa Malanbil ne ko zuwa Gaya, ya auna sarƙarsa kafin ya ɗaura buhu. Wanda kuma ya ajiye murfinsa a bayan ɗaki, ya kawo shi in ɗaura masa. Allah ya kiyaye hanya.