Darasi Na 17: Gyara Kayanka Tun Kana Da Rai

Mutuwa rigar kowa ce, ba wanda ya san ranarsa. Duk mun yarda da haka, amma kaɗan ne cikinmu su ke shirya wa iyalinsu abin da za su tarar bayan ransu. In aka ce wa mutum ya rubuta abin da ya mallaka, sai ya ɓata rai, ya ce ana yi masa fatan mutuwa. Ba haka ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kowa a ajin nan ya san wani gida da ya watse saboda gado. Mutum ya ba maƙwabcinsa aron gona, ba takarda, ba shaidu. Bayan shekara 15 mai gona ya rasu, mai aro ya ce ai saye ya yi. Marayu ƙanana ne, ba su san kome ba. Ko kuwa wa da ƙane su yi ta zuwa gaban alƙali a kan saniya guda, har kuɗin mota ya fi kuɗin saniyar, zumunci kuma ya lalace. Yawancin irin wannan rigima takarda ɗaya za ta kashe ta. Mu da mu ka koyi karatu da rubutu, yanzu muna da maganin a hannunmu.

Yadda a ke bi da dukiyar mamaci

In Musulmi ya rasu, ba a fara rabo nan da nan. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun nuna abu huɗu, bi da bi. Na fari, a fid da kuɗin likkafani da na binnewa. Na biyu, a biya bashin da a ke binsa. Na uku, a cika wasiyyarsa. Na huɗu, abin da ya rage a raba wa magada.

Rabon magada ba mu ne mu ke tsara shi ba. Yana cikin Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. In mamaci ya bar 'ya'ya, matarsa tana da kashi 1 cikin 8, watau tumuni. In mata biyu ne ko fiye, su raba tumunin nan tsakaninsu. Uwarsa tana da kashi 1 cikin 6, watau sudusi. Ɗa namiji yana samun rabon 'ya mace biyu. Ba wanda ya ke da ikon hana 'ya mace rabonta na gona ko na gida don ta yi aure.

To, in rabo ya riga ya tsaru, mene ne namu? Namu shi ne mu bar kome a fili, don mai rabo ya san abin da zai raba.

Abin da za mu rubuta

Mu sayi littafin rubutu guda, mu ware shi don wannan aiki kaɗai. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne.

A shafi na fari mu rubuta abin da mu ka mallaka: gida, gonaki, dabbobi, hatsin da ke rumbu, keke ko babur. Kowace gona a faɗi inda ta ke, da masu iyaka da ita gabas da yamma, kudu da arewa. A faɗi ta gado ce, ko saye, ko aro, ko jingina. In akwai saniya wajen makiyayi, a rubuta sunansa da kamanninta.

A shafi na biyu mu rubuta bashin da a ke binmu, da wanda mu ke bi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke magana. Ragowar sadakin da ba a biya ba, shi ma bashi ne.

A shafi na uku mu rubuta abin da ke hannunmu amma ba namu ba ne: ajiyar mutane, kuɗin adashi, awakin uwargida, kayan ɗakin amarya. Dukiyar mace tata ce, ba ta shiga gadon miji. Mata ma su rubuta nasu, gama su ma ana gadonsu.

In muna da ajiya a banki, mu rubuta sunan bankin da lambar asusu, amma ban da lambar sirri. Wanda mu ka ba da sunansa a banki a matsayin makusanci, ba shi ya gaji kuɗin ba. Shi dai wanda za a nema ne. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai magada sun kawo takardar kotu.

Wasiyya

Wasiyya ita ce abin da mutum ya ce a ba wani bayan ransa. Tana da iyaka biyu. Ba ta wuce sulusi, watau kashi 1 cikin 3 na abin da ya rage bayan biyan bashi. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya, sai fa in sauran magada sun yarda.

Wa ya kamata mu tuna da shi? Ga jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa. In kakan ya bar ɗa namiji da rai, jikan nan ba shi da gado. Ga agola da ɗan riƙo, waɗanda su ka tashi a gidanmu su ka yi mana noma, su ma ba su gado. Da wasiyya ne za mu share musu hawaye. Ana kuma iya yin ta don masallaci, ko rijiya, ko makaranta.

Uba yana iya naɗa wasiyyi, watau amintaccen mutum wanda zai riƙe dukiyar 'ya'yansa ƙanana har su yi hankali. Mu zaɓe shi da kanmu, mu gaya masa, ya yarda.

Wanda ya ke so ya yi wa babban ɗansa ko matarsa kyauta, ya yi tun yana da lafiya, ya damƙa abin a hannunsu gaban shaidu. Kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu, ta koma cikin gado. Mu kuma yi adalci tsakanin 'ya'ya.

Mu gwada lissafi

A ce wani manomi ya rasu, aka yi wa dukiyarsa kuɗi ta kama naira 1,000,000. Jana'iza ta ci 20,000, bashi 80,000. Saura 900,000. Sulusinta 300,000 ne. Ya yi wa jikansa maraya wasiyyar 180,000, ba ta kai sulusi ba, sai a ba shi. Saura 720,000.

Ya bar mata 2, da uwa, da 'ya'ya maza 2, mata 2. Ubansa ya riga shi rasuwa. Tumunin matan 90,000, kowace 45,000. Sudusin uwa 120,000. Saura 510,000. A kasa shi 6, kowane kashi 85,000. Kowace 'ya ta ɗauki 85,000, kowane ɗa 170,000.

Shaidu da ajiya

Takardar wasiyya ba shaidu ba ta da ƙarfi gaban alƙali. Mu kira maza biyu adilai, waɗanda ba su da rabo a ciki, a karanta musu. A sa kwanan wata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wajen liman ko dagaci. Ta gida a naɗe ta a leda, a sa a akwatin ƙarfe saboda gara da ruwa. Takardun cinikin gona su ma a haɗa su a nan. Bisa dokar ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin riƙon gona a karkara. Wanda ya samu hali ya nema.

Mutum yana da ikon sake wasiyyarsa muddin yana da rai. Kowace shekara bayan kaka mu buɗe littafin, mu soke bashin da aka biya, mu ƙara abin da aka samu. Abin da ya shige mana duhu, mu tambayi malami masanin gado ko alƙali. 'Yan'uwanmu da ba Musulmi ba, rabonsu yana bin wata hanya dabam, amma rubutu da shaidu suna amfanin kowa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku a ke fitarwa kafin a raba gado?
2. Mutum ya bar naira 600,000 bayan an biya bashi. Nawa ne iyakar wasiyyarsa?
3. Don me jika maraya ya ke bukatar wasiyya?

Aikin gida: kowa ya rubuta iyakokin gonarsa guda ɗaya, gabas da yamma, kudu da arewa, ya kawo aji ran Litinin mu duba tare.