Darasi: Algus da Caca a Kasuwar Wasannin Kwamfuta

Darasinmu na wannan karo ya shafi wata kasuwa wadda dukiyar gidaje ke zurarewa cikinta ba da sanin iyaye ba, wato kasuwar wasannin kwamfuta da na wayar hannu. Mas'ala biyu za mu duba.

Ta farko, ɓoye aibin haja. Al'adar kamfanonin wasanni ce su bai wa ƴan jarida sabon wasa kafin ya shiga kasuwa, domin su gwada shi su sanar da jama'a ingancinsa. A watan Disamba na 2020 kamfanin CD Projekt ya fitar da Cyberpunk 2077. Samfurin kwamfuta kaɗai ya bai wa masu sharhi, ya riƙe na na'urar PlayStation 4 wanda ke cike da lahani. Mutane suka saya bisa yabon da suka karanta. Da asiri ya tonu, sai kamfanin Sony ya janye wasan daga shagonsa, ya mayar wa masu saye kuɗinsu. Wannan tamkar mai hatsi ne da ya zuba gero mai kyau a bakin buhu, ya bar ruɓaɓɓe a ƙasa. Sunansa algus, kuma malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da hajar da aka ɓoye aibinta.

Ta biyu, akwatin sa'a. Mai wasa yana biyan kuɗi a buɗe masa akwati alhali bai san abin da ke ciki ba: ko ya dace da abu mai daraja, ko ya tashi da tarkace, sai ya sake biya. Sayen abin da ba a san shi ba garari ne, zuba kuɗi bisa fatan sa'a kuwa ita ce hanyar caca. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna na FIFA 18 da Overwatch caca ne. A 2022 kuma kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 245 domin a mayar wa waɗanda aka yaudara suka yi sayayyar da ba su nufa ba, har da yara.

Saboda haka, kada a yi gaggawar sayen wasa kafin ya fito jama'a su gwada shi. Kada uba ya miƙa wa yaro waya alhali asusun kuɗinsa yana buɗe a cikinta. Dukiya amana ce, yara ma amana ne. Allah Ya tsare mu daga cin haram, amin.