Darasi na Goma Sha Biyu: Yadda Ra'ayin Abraham Lincoln Ya Sauya

Ku karanta wannan bayani a tsanake, ku lura da kalmomin da suke nuna lokaci.

Abraham Lincoln shi ne shugaban Amurka a lokacin yaƙin basasa, daga 1861 zuwa 1865. Jihohin kudu sun ɓalle ne domin su kare cinikin bayi da bautar da su. A wancan zamani, bayi a ƙasar sun kai kusan miliyan huɗu, dukkansu 'yan asalin Afirka.

Tun da farko, Lincoln ya ɗauki bauta a matsayin zalunci. Duk da haka, bai yarda a daidaita baƙaƙen fata da fararen fata ba. A 1858, cikin muhawararsa da Stephen Douglas, ya ce bai goyi bayan a ba baƙaƙen fata damar jefa ƙuri'a ba. Har ma ya so waɗanda aka 'yanta su yi ƙaura zuwa wata ƙasa.

Daga baya, yaƙi ya sa ya sake tunani. A ranar 1 ga Janairu, 1863, ya shelanta cewa bayin da ke jihohin tawaye sun zama 'ya'ya. Shelar ta kuma buɗe musu ƙofar shiga soja, inda kimanin 180,000 suka ɗauki makami. Jaruntakarsu ta girgiza tsohon ra'ayinsa. Ya kuma saurari Frederick Douglass, tsohon bawa mai fasahar magana.

A ƙarshe, ya matsa wa majalisa lamba har ta amince da gyaran tsarin mulki wanda ya haramta bauta. A ranar 11 ga Afrilu, 1865, ya ce ya dace baƙaƙen fata masu ilimi da waɗanda suka yi aikin soja su yi zaɓe. Bayan kwana uku, John Wilkes Booth ya harbe shi.

Ku lura: Lincoln bai nemi ƙuri'a ga kowa da kowa ba, amma ya yi nisa da inda ya faro. Idan za ku auna mutum, ku duba mafarinsa da kuma inda ya tsaya.

Ma'anar Kalmomi
ɓalle: rabu da ƙarfi
'ya'ya: a nan, waɗanda ba bayi ba
shelanta: sanar da jama'a

Tambayoyi
1. Mene ne ra'ayin Lincoln a 1858?
2. Me ya sa ya sake tunani?
3. Ku gina jimla uku da "tun da farko", "daga baya" da "a ƙarshe".