Yadda Za A Tsare Lambun Gida Daga Awaki, Kaji, Zomaye Da Kyanwoyi

Wannan tambaya ta fito ne daga wata uwargida a Unguwar Dosa, cikin garin Kaduna. Ta gyara ɗan fili a bayan ɗakin girkinta, ta shuka alayyahu da latas da tumatir, ta kafa zogale a jikin katanga. Amma duk sanda shukar ta fara kyan gani, sai ta wayi gari an yi mata kaca-kaca. Ta barbaɗa toka, ta zuba barkono, ta rataya ledoji, duk a banza. Ɗanta ya duba mata a intanet, ya tarar ana ta maganar barewa da zomayen daji. Yanzu tana neman maganin da za ta fesa ta huta.

Hajiya, gara in faɗa miki tun da wuri: babu maganin feshin da zai raba ki da wannan damuwa. Abin da ke tsare lambu shinge ne da ƙofa, kuma kowace dabba da irin shingen da ke tare ta. Shawarwarin da ɗanki ya gani an rubuta su ne don mutanen Amurka da Ingila, inda dangin barewa ke shiga har bayan gidaje, sai an yi musu shinge mai tsayin kusan mita 2.4. Mu barewa da gada sai can daji, irin su dajin Kamuku a ƙasar Birnin Gwari. Wadda ta gaji aikinsu a cikin gari ita ce akuya, sai tunkiya da kaza da zomon gida da kyanwa da gafiya.

Ki fara gano mai ɓarnar

Kafin ki kashe ko sisi, ki fita da sassafe tun ba a yi shara ba, ki tsuguna ki dubi shukar da kyau. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri kawai, don haka fizgar ganye suke yi. Za ki ga bakin karan a yage, da zare-zare, wani lokacin ma an tuge shukar da saiwarta. Za ki kuma ga sawun kofato mai tsaga biyu. Zomo kuwa haƙoransa kaifi gare su sama da ƙasa, yana datse kara a karkace, sumul kamar an sa reza, kuma ɓarnarsa ba ta cika wuce tsayin gwiwa ba. Kaza tono take yi, ta watsa ƙasa baya, ta bar iri a fili, ta tsattsage tumatir ɗin da ya fara ja. Kyanwa ba ta damu da ganye ba. Ƙasa mai laushi take nema, ta tona, ta yi kashi, ta binne, sai ki ga ɗan tudu da alamar farce. Gafiya rami take haƙawa a gindin katanga ko bakin kwata, kuma ɗauke abu take yi ɗungurungum cikin dare.

In har yanzu kina shakka, ki tankaɗe toka ko yashi mai laushi a kewayen fangalin da yamma. Da safe sawun zai gaya miki wanda ya zo da inda ya bi.

Ki lura da lokaci ma. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, sanda ciyawa ta bushe a filaye da kangwayen unguwa, lambunki kaɗai ne kore a layinku, shi ya sa ɓarna ta fi tsanani da rani. Sai kuma makonnin gabanin Babbar Sallah, lokacin da kusan kowane gida akwai rago a ɗaure, kuma igiya ba ta rasa tsinkewa.

Akuya: tsayi da ƙarfi da ƙofa

Jar akuyar nan da ta cika unguwanninmu, wadda ake dangantawa da Sakkwato da Maraɗi, ta fi son ganyen da ke sama da ciyawar ƙasa. Tana miƙewa da ƙafafun baya, tana hawa duk abin da ta samu, tana kuma goga jikinta a shinge har sai ya kwanta. Saboda haka shingenta kada ya gaza ƙafa 4, wato mita 1.2, in an kai ƙafa 5 ya fi. A kafa turaku kusa-kusa, kamar taku 2 tsakaninsu, a binne su sosai, a ja waya ta yi tauri. Turken ice gara na cinye shi, don haka a babbake gindinsa da wuta kafin a binne, ko a je Panteka a nemo tsofaffin bututun ƙarfe a sa mai walda ya yanka su daidai. Ki kawar da duk abin da akuya za ta taka daga jikin shingen: tarin bulo, turmi, durom, tsohuwar taya.

Darnin kara da zana suna da araha, kuma suna da wani amfani, domin abin da akuya ba ta gani ba bai cika jan ta ba. Aibinsu shi ne ba su wuce shekara guda, kuma da rani ita akuyar kan ci karan kansa. In su za ki yi, ki jingina musu rassan ƙaya ta waje, na magarya ko bagaruwa. Masu fili babba kan yi shinge mai rai da bini-da-zugu ko aguwa, waɗanda dabbobi ba su ci. Sai dai 'ya'yan bini-da-zugu guba ne, kuma yara kan ɗauka gyaɗa ce. Gidan da ke da ƙananan yara ya haƙura da shi.

Amma a gidajen da ke da katanga, irin yawancin na Unguwar Dosa, akuya ba tsallake take yi ba, ta ƙofa take shigowa. Yaro ya fita aike ya bar ta a buɗe, ɗan ga-ruwa ya shigo da kurarsa, ko an buɗe wa mota get an manta. Minti 5 sun ishe ta gamawa da fangalin latas. Don haka lambun ya samu tasa ƙofar daban, ko da yana cikin gida. Ki sa a yanko tsohon tif na taya, a ɗaura gefe ɗaya a ƙofar, ɗayan a turke, yadda da an saki za ta rufe kanta. Sakatar kuma ta zama mai faɗawa cikin rami, domin akuya na iya ture mai zamewa da baki.

Dashen itatuwa kamar gwaiba da mangwaro da lemo da zogale kowanne sai an yi masa nasa keji, musamman waɗanda aka dasa a ƙofar gida. Akuya na ɓare ɓawon itace, kuma abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawon yake sauka zuwa saiwa. In ta zagaye gindin da ɓara, itacen ya mutu ko da ganyensa na nan kore na ɗan lokaci. A kewaye dashen da raga ko jerin bulo mai tagogi, a bar tazarar da bakinta ba zai kai ganye ba, a bar kejin har rassan su fi ƙarfin miƙewarta. Wasu manoma kan dama kashin akuya da ruwa su shafa a jikin dashe, domin tana ƙyamar abin da ke warin kashinta. Yana aiki har zuwa ruwan sama na gaba, amma kada a yi shi a kan ganyen da za a ci.

Zomo da kaza da gafiya: matsalar ƙasa ce

A cikin gari zomon da ke cin lambu kusan kullum na gida ne, naki ko na maƙwabci, wanda yara suka saki ya sha iska. Shi tsayi ba ya cikin lissafinsa, ta ƙasa yake bi. A sayi ragar waya irin ta kejin kaji mai ido ƙanana, kada idon ya wuce inci 1. Tsayin ƙafa 2 zuwa 3 ya isa, amma a binne gindinta kamar taƙi guda, a lanƙwasa bakin ya fuskanci waje. Zomo in ya zo tono a gindin shinge sai ya ci karo da waya, ba ya kuma tunanin ja da baya ya sake haƙawa. In kina da shingen akuya, ki ɗaura wannan ragar a ƙasansa, kin ga shinge ɗaya ya yi aiki biyu. Zomayen gida kuma a mayar da su keji mai ƙafafu, a tara kashinsu, taki ne mai kyau ga lambun.

Kaza tana iya tashi ta haye gajeren shinge. A rage gashin fiffike ɗaya da almakashi, dogayen na baki kawai, ba ya yi mata ciwo, yana dai hana ta daidaita tashi. Wurin renon iri kuma a rufe shi ta sama da raga ko tsohon gidan sauro da ya riga ya yage, a ɗaga shi a kan sanduna kada ya taɓa ganye. Wanda ke da kyau a bar shi a kan gado, can ne aikinsa. Barkono kuwa ɓata shi ake yi a kan kaza, domin tsuntsaye ba su jin yajinsa.

Gafiya da ɓera sai an toshe hanyarsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ki bi katangar ki liƙe kowane rami da siminti, ki sa ragar ƙarfe a bakin kwata, ki daina zubar da ragowar abinci kusa da lambu, sannan ki ɗana tarko. Ɓera ba abin wasa ba ne, domin wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau, kuma da rani ta fi tashi.

Kyanwa: a kore ta daga fangali, kada a kore ta daga gida

Matsalar ɓera ce ta sa ba na ba da shawarar a rabu da kyanwa. Tana rage ɓera. Abin da ake so shi ne ta daina mayar da fangali makewayi. Busasshiyar ƙasa mai laushi take so, don haka a hana ta ita. A shimfiɗa ragar waya a kan fangalin bayan an yi shuka, tsiro zai fito ta idanun ragar amma farce ba zai iya tono ba. Ko a kakkafa 'yan tsinkaye kusa da juna, ko a baza ƙananan rassan ƙaya. Ban ruwa da yamma ma yana taimakawa, tunda ba ta son taka jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɓawon lemo yana korar wasu na kwana biyu. Sannan a zuba mata yashi a wani lungu nesa da lambun, ta samu madadi.

Kashin kyanwa ba taki ba ne. Yana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira tokzoplasma, wadda ke da haɗari ga ɗan tayi. Mai juna biyu kada ta kwashe shi, in kuma za ta taɓa ƙasar lambu ta sa safar hannu. A riƙa kwashewa kullum da cebur, domin ƙwayar sai ta kwana ɗaya ko fiye a waje take zama mai kamawa. Latas da karas da duk abin da ake ci ɗanye a wanke su sosai.

Abin da ba a yi

Kada a sa guba. Shinkafar ɓera da aka watsa a lambu ba ta zaɓen mai ci: kazarki, kyanwar da ta ci mushen ɓeran, akuyar maƙwabci, ko yaro mai rarrafe. Sniper da ota-fiya-fiya kuwa ba su da hurumi kusa da ganyen miya, kuma tun a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi Sniper ɗin saboda yawan illarsa. Ƙwallayen kafur da wasu ke watsawa don korar kyanwa suna gurɓata ƙasa, yara kuma na iya ɗauka alewa ce. In kina son abin fesawa, ki daka barkono da tafarnuwa, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki ɗiga ɗan ruwan sabulu, ki fesa da yamma. Yana ɗan rage zomo da ƙwari, ruwan sama na wanke shi, kuma a daina shi kwanaki kaɗan kafin a tsinki ganye. Mataimaki ne kawai, ba ya maye gurbin shinge.

Tsakaninki da mai dabba

Yawancin rigimar lambu ba ta ƙarewa a kan akuya, sai ta koma kan masu ita. Addini bai bar wannan a buɗe ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, inda Manzon Allah (SAW) ya ɗora tsaron gona da rana a kan masu gona, ɓarnar dare kuma a kan masu dabbobi. Ke nan kowa da nasa nauyin: ke shinge, shi turke. In kin kama akuya a ciki, kada a dake ta ko a karya mata ƙafa. A ɗaure ta a inuwa, a ba ta ruwa, a aika a kira mai ita ya ga ɓarnar da idonsa. Maigida ya yi magana da maigida, ko ke ki shiga wurin matar gidan da sallama da fara'a. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kai wa mai unguwa ko limamin masallacin layi kafin a yi maganar 'yan sanda.

In kuɗin kewaye filin gaba ɗaya bai samu ba, kada ki jira. Ki rage lambun zuwa abin da za ki iya tsarewa da kyau, ko da fangali 2 ne, sauran ki shuka a buhuna ki jera su a kan benci ko bulo. Ki fara da ƙofa mai rufe kanta, sai raga a ƙasa, sai tsayi. Kowace Juma'a ki zagaya shingen ki ɗaure inda ya saki, musamman bayan iskar farkon damina, domin akuyar da ta taɓa samun hanya sau ɗaya kullum sai ta dawo ta gwada wurin.