Yadda Ake Yi wa Diram ɗin Birki Fenti Idan Tsatsa Ta Kama Shi

Mota za ta sha wanki, jikinta na ɗaukar ido, amma da ka leƙa ta ƙofofin rim ɗin baya sai ka hango diram ɗin birki ya yi jawur da tsatsa. A zamanin rim na ƙarfe mai murfi babu mai ganinsa. Da rim na alminiyam mai manyan ƙofofi ya yawaita, sai asirinsa ya tonu. Diram zubin ƙarfe ne, kullum yana tsakanin zafin birki da ruwan damina da na masu wankin mota. Motocin Beljiyam kuwa da tsatsarsu suke sauka a Kwatano ko Legas, domin a ƙasashen da suka fito gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, shi ne yake cin ƙarƙashinsu.

Tsatsar da ke bayan diram ba ta hana birki ci. Aikin na kyan gani ne da tsare ƙarfe, amma tunda a jikin birki ake yin sa, ba ya son ganganci.

Kayan ba su da yawa: buroshin waya, sanfefa mai kaushi da mai laushi, tina, tsumma mai tsabta, tef na takarda, tsohuwar jarida, sai gwangwanin fenti mai jure zafi, irin na inji ko na salansa. Kada mai shago ya lallashe ka da fentin ƙofa. Motar da ta gangaro Hawan Kibo da kaya, zafin diram ɗinta kan haura digiri 200, fenti na gama-gari kuwa sai ya yi ƙuraje ya ɓare. Duba jikin gwangwanin, ana rubuta iyakar zafin da zai ɗauka.

Ka tare tayoyin gaba, ka sa motar a giya, ka ɗaga baya, ka sa wani abu mai ƙarfi ya tallafi jak, ka cire taya. Sauke hambirki, in ba haka ba lainin zai riƙe diram ya ƙi fitowa. A Corolla da Hilux akwai ramuka biyu masu zare a fuskar diram. Ka ɗaura kusoshi biyu masu kaurin milimita 8 a ciki, kana juya wannan kana juya wancan, sai ka ji ya yi ƙas, ya saki. Tsohuwar Golf daban take, diram ɗinta haɗe yake da boris, sai an kwance notin tsakiya, don haka wanda bai saba ba ya bar wa bakanike wannan. Muddin diram yana waje, kada kowa ya taka birki, fistin zai fito, man birki ya tsiyaye. Baƙar ƙurar da ke ciki kuma ba a hure ta da baki ko da iskar kwamfuresa, domin wasu lainin, musamman tsofaffi, suna da asbestos mai lalata huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake kwashe ta.

Kafin ka ɓata fentinka, duba cikin. Idan ka ga tsagewa, ko lainin ya yi masa kwari mai zurfi, ko faɗinsa ya wuce lambar da aka buga a jikinsa, magana ta ƙare. Sai Ƙofar Ruwa idan kana Kano, ko Fanteka idan kana Kaduna, a nemo wani.

Sai kankara. Buroshin waya tukuna har ɓawon tsatsa ya zube, sannan sanfefa mai kaushi, sannan mai laushi, har ƙarfen ya koma ruwan toka. Wani diram yana da ɗan guntun ƙarfe da aka yi wa walda a bayansa. Na ga yara suna kai masa kurfi a zaton datti ne, alhali kamfani ne ya sa shi don nauyi ya daidaita. A ƙyale shi. Bayan nan a goge da tina, a sake gogewa, har farin tsumma ya daina ɗauko baƙi. Daga nan kada hannu mai giris ya ƙara taɓa shi.

Yanzu muka zo inda ake gane wanda ya iya. Feshi kowa zai yi. Gwaninta tana wajen sanin inda fenti ba zai taɓa ba. Na farko cikin diram, inda lainin ke shafa. Ko ɗigo ya shiga, zafi zai narkar da shi ya manne a lainin, birki ya riƙa santsi ko ya riƙa fizga gefe guda. Kifa diram ɗin a kan kwali, bakinsa a ƙasa, ka zagaye leɓensa da tef. Na biyu shi ne wanda mutane suka fi mantawa: shimfiɗaɗɗiyar fuskar nan da rim ke zama a kai, kewayen ramukan kusoshi. A nan ƙarfe yake son ya haɗu da ƙarfe. Idan fenti mai kauri ya shiga tsakani, za ka ɗaure noti ka ji ya kama tam, amma da birki ya yi zafi fentin zai yi laushi ya matse, notin ya samu sarari, taya ta fara rawa. Mai mota ba zai sani ba sai ya ji ƙwanƙwasa a baya, wani lokacin ma a kan babbar hanya.

Tsohon fentan da na kalli aikinsa tun ina yaro ba ya awo da ido. Ɗora rim ɗin yake a kan diram, ya zana iyakar inda ya zauna da alli, ya rufe wurin da tef, sannan ya bi da reza ya yanke shi daidai zanen, ya danne bakin da farce don kada feshi ya kutsa ta ƙasa. A kan akori-kurar Fijo 504 ya koyi sana'a, kuma har ya bar aiki bai yarda yaronsa ya riƙe gwangwani ba sai ya ga ya iya wannan yankan. Abin da ke ɓata min rai a yau shi ne wasu dillalan mota da ke fesa baƙi ta ƙofofin rim, ba a ko cire taya ba, a kan tsatsa da ƙura. Damina ɗaya take tona su.

Feshin da safe ya fi, a wurin da iska ba ta kaɗawa. Idan hunturu ne a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Girgiza gwangwanin sosai, ka ja baya kamar taƙi guda, hannunka na tafiya ba tsayawa. Shafin farko ya zama kamar hazo, ana hango ƙarfe ta cikinsa. Ka ba shi minti 10 zuwa 15, ka ƙara, ka sake ƙarawa. Mai son gamawa a shafi ɗaya shi ne fentinsa ke zuba. Samari suna son ja, amma ni baƙi marar ƙyalli ko ruwan azurfa na fi so, domin ƙurar birki ba ta saurin nunawa a kansu.

Cire tef tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba, bakin zai fita sumul. Ka bar shi ya kwana idan da hali. Wajen mayarwa, goge cikin da tina sau ɗaya, ka ɗora, ka ɗaure notuna a gicciye, ba a jere ba. Taka birki sau da yawa kafin ka motsa, ka gwada hambirki, ka yi tafiyar farko a hankali don zafi ya gasa fentin sannu-sannu. Bayan kamar kilomita 50 ka sake bin notunan da sufana.