Filin Shawara: Idon Jariri Ba Ya Jiran Kaka

 Ɗana watansa biyar. Tun bayan suna na ga wani fari-fari a tsakiyar baƙin idonsa na dama, yanzu idon har ya fara karkacewa. Surukata ta ce yana ce, a bari ta nuna tukuna. Ƙanin mijina kuma ya gani a waya wai akwai na'urar leza mai cire yana ba wuƙa, ya ce mu tara kuɗi sai bayan kaka. Ga kuma halin da hanyarmu take ciki. Yaya zan yi?

Uwar yaro, Gatawa

'Yata, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki jira kaka, kada ki jira leza.

Zancen a bar yana ta nuna, a kan idon tsofaffi ake yin sa. Jariri a watannin farko ƙwaƙwalwarsa take koyon gani, idon da haske bai shiga ba kuwa sai ta yi watsi da shi, ko an cire yanar daga baya ganin ba ya dawowa sosai. Shi ya sa likitoci suke son a yi wa wanda aka haifa da yana a ido ɗaya aiki cikin mako shida na farko. Naki ya wuce haka, amma a yi yanzu ya fi a yi baɗi nesa ba kusa ba. Akwai kuma abin da ya fi damuna: fari a tsakiyar idon yaro wani lokaci kansar ido ce, wadda take kisa idan aka yi sakaci. Likita kaɗai zai bambance.

Ita leza gaskiya ce akwai ta. A ƙasar Hangari aka fara aikin yana da ita a 2008, daga baya likitoci a Jamus suka gwada ta a kan jarirai. Amma ba ta narkar da yana daga nesa. Yanar tana cikin wata 'yar jaka mai laushi, ta yara tana da danƙo, tana da wuyar yankawa daidai, to leza tana taimakawa wajen yanka kewayayyar ƙofa a jikinta. Duk da haka sai an sa yaro barci, an shiga idon an zuƙe yanar. Ga tsada, ga ƙarancin wuraren da suke da ita. Ƙwararren likita da hannunsa yake wannan aiki a duniya kullum, yara suna gani.

Ku fara da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Idan sun tura ku Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ku tafi. Bayan aiki akwai maganin ɗigawa, da tabarau, da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i don a tilasta wa ɗayan aiki, da komawa asibiti shekara da shekaru. Kuɗin da za ku tara wa leza, nan ya kamata su tafi.

Ina roƙonki, kada mai yawo da allura ya taɓa idon nan, kada a ɗiga masa nono ko ruwan ganye. Na san hanyarku ta Sabon Birni ba wasa ba ce, ku bi ayari da rana. Ki karanta wa maigidanki wannan amsa a gaban mahaifiyarsa, ku kama hanyar Sakkwato cikin makon nan.