Mai Aiki a Gidan Makaho

Da sassafe mai aikin gida takan yi sallama, ta faɗi sunanta, gama makaho da murya yake gane mutum. Sa'an nan ta yi shara, ta wanke kwanoni, ta cika randa.

Babban aikinta kuwa shi ne mayar da kowane abu mazauninsa, domin makaho ya haddace ɗakinsa. In ta kawar da buta, sai ya yi ta lalube har lokacin salla ya wuce. In ta bar kaskon wuta a hanya, sai ya taka, ya ƙone.

Kafin ta tafi takan ce, "Baba, ga fura a hannunka na dama."

Mai aiki da lura ta zama idon makaho.